Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ya ku 'ya'yana da jikokina, maza da mata, waɗanda Allah Ya nufa da shiga manyan makarantu a wannan gari namu na Jos da garuruwan da ke kewaye da shi, tun ran da na ajiye alli na bar koyarwa, zauren gidana ya zama wata ƙaramar majalisa inda maƙwabta kan turo 'ya'yansu da takardu in duba musu, bisa zaton cewa wanda ya yi shekara talatin yana gyaran rubutun yara ba zai kasa gane inda kuskure ya ɓuya ba. Kuma a 'yan shekarun nan babu takardar da aka fi kawo mini, babu kuwa wadda na ga ta fi sa samari gumi a tsakiyar hunturun Jos, kamar ta neman rancen karatu. Don haka na ga ya kyautu in tattara abin da na fahimta in rubuta shi wuri guda, domin wanda bai san hanyar zaurena ba shi ma ya sami rabonsa.

Kun fi ni sanin abin da ya kawo mu nan. Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, 1 ga wata da 30 ga wata suka zama ɗaya a aljihun talaka, kuɗin mota ya tashi, mudun shinkafa ya bi shi, jami'o'in tarayya kuma suka shiga ƙara abin da suke karɓa daga ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan kana ta tsaya da ƙafafunta a 1975, ita ma ta yi nata ƙarin a wannan shekara, har ɗalibai suka fito suka nuna ƙin yardarsu, aka zauna aka rage. A hukumance dai jami'ar tarayya ba ta karɓar ladan koyarwa, abin da ake biya ana kiransa kuɗin rajista da na ɗakin gwaji da na asibiti da sauransu. Amma uban da ke sayar da tumatir a Farin Gada, ko uwar da ke tuyar ƙosai a Unguwar Rogo, ba su damu da sunan da aka raɗa wa kuɗin ba, tun da ko ta wane suna aka kira shi daga lalitarsu zai fita.

A cikin wannan hali ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai ran 12 ga Yuni, 2023. Wannan doka ta farko ta zo da sharuɗɗa masu tsanani, domin ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe a aiki ko alƙali. Alhali kuwa yaron da ya fi kowa bukatar rancen shi ne wanda duk danginsa babu mai irin wannan matsayi, kuma in ya je ƙofar mai shi ma ba lalle a yi masa iso ba. Da aka ga abin ba zai tafi ba, aka soke ta, aka sa hannu a sabuwa ran 3 ga Afrilu, 2024, aka cire zancen masu tsayawa da na ƙayyade samun iyaye, aka tabbatar da Asusun Rancen Ilmi na Nijeriya, wanda kowa ke kira NELFUND, a ƙarƙashin jagorancin Akintunde Sawyerr. Ran 24 ga Mayu na wannan shekara aka buɗe ƙofar nema, aka fara da makarantun tarayya, sa'an nan na jihohi suka biyo baya, watau ɗalibin Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Barikin Ladi, da na kwalejin horon malamai ta Gindiri, duk ƙofar ta isa gare su matuƙar makarantarsu ta yi nata aikin. Rancen kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ba ya bi ta hannun ɗalibi sam, ana aika shi kai tsaye ga makarantar; da kuɗin guzuri, naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun bankin ɗalibin in ya nema. Babu ruwa a kansa.

To, abin da nake so ku fara riƙewa shi ne wannan. A zamaninmu, in yaro yana neman taimakon karatu, takardarsa takan bi ta hannun mutane: hedimasta ya san shi, mai unguwa ya san ubansa, magatakardan En'e kuwa in ya ga an rubuta Mamman a nan, an rubuta Muhammadu a can, murmushi kawai zai yi, don ya san duk Mamman Muhammadu ne. Wannan hanya tana da nata aibi, domin wanda ba a sani ba yakan sha zama a benci, wanda aka sani kuwa ko bai cancanta ba yakan wuce. Yanzu an ɗauke mutum daga bakin ƙofa an ajiye na'ura, ita kuwa na'ura ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba, wannan falalarta ke nan. Amma kuma ba ta san uzuri ba, ba ta da kunnen sauraren bayani, ba a yi mata magiya. Abin da take yi shi ne ta ɗauki abin da ka rubuta ta gwama shi da abin da ke rubuce a wasu rumbuna: na hukumar JAMB wadda ta ba ka gurbin karatu, na hukumar katin ɗan ƙasa mai ba da lambar NIN, na bankuna mai lambar BVN, da kuma jerin sunayen da makarantarka ta aika. In duk suka yi ittifaƙi a kan cewa kai ne, sai ta buɗe maka. In ɗaya ya saɓa, ko da da harafi guda ne, sai ta tsaya cak, kai kuma ka yi ta jira kana zargin cewa wani ne ya danne maka.

Mu Hausawa kuwa mun fi kowa faɗawa wannan rami, saboda yadda muka ɗauki suna. Yaro guda ana kiransa da sunan yanka a makarantar allo, da laƙabin da kakarsa ta sa masa a gida, da wani kuma a filin ƙwallo. In an zo rubutun boko, malamin firamare ya rubuta Muhammad, na sakandare ya rubuta Mohammed, ma'aikacin banki ya rubuta Muhammed, mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa kuma, da yake yana sauri layi ya yi tsawo, ya taƙaita shi yadda ya ga dama. Sunan uba ma haka: yau Abubakar, gobe Garba, jibi Buba, alhali mutum ɗaya ne. Wani ya sa sunan unguwarsu ko garin kakansa a ƙarshe a wata takarda, ya manta da shi a wata. Wani an juya masa, sunan uba ya zo farko nasa ya koma baya. Ranar haihuwa kuwa ba a magana, domin da yawa an haife su a gida, ba a karɓi takarda ba, sai ranar da bukata ta taso aka ƙaga wata rana. Shi ya sa in ka duba takardun samarinmu za ka yi tsammanin rabin unguwa ran 1 ga Janairu aka haife su. Wani kuma da gangan ya rage shekara biyu a wuri guda, don wani ya gaya masa bayan shekara talatin ba a zuwa bautar ƙasa, ya bar ta gaskiyar a banki. Duk waɗannan abubuwa sukan kwanta shiru shekara da shekaru, ba su tashi sai ranar da mutum ya fi bukatar su yi shiru, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Akwai wani yaro ɗan maƙwabcina, mai hankali, mai ƙoƙari, wanda ya zo mini da dare idanunsa sun yi ja, ya ce shi kam ya tabbata an yi masa zalunci, domin abokan karatunsa duk sun wuce matakin tantancewa, wasu har alat ya shigo musu, shi kuwa tun farkon shiga ake mayar da shi baya. Na ce ya ɗauko duk takardunsa ya shimfiɗa a kan tabarma, na sa tabarau, muka bi su ɗaya ɗaya da fitilar waya. Ba mu yi minti goma ba muka ga abin: a katin ɗan ƙasa sunansa uku ne, a banki biyu, a takardar JAMB uku amma na tsakiya ya koma ƙarshe, shekarar haihuwa kuwa ta banki ta girmi ta katin da shekara ɗaya. Ya ce, "Baba, ai duk ni ne." Na ce, "Ni na sani, ubanka ya sani, liman ma da ya yi maka huɗuba ya sani. Saura ka sanar da wanda bai taɓa ganin fuskarka ba." Zan komo kan labarinsa.

Nasihata a nan ita ce, tun kana aji na ƙarshe a sakandare, ko kuwa yau ɗin nan in ka riga ka wuce, ka zauna da mahaifinka ku tsayar da suna guda, da rubutu guda, da jeri guda, da ranar haihuwa guda wadda ta fi kusa da gaskiya, sa'an nan ka bi kowace hukuma ka daidaita. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, saboda haka katin ɗan ƙasa ya zama uwa, sauran takardu 'ya'yanta. In uwar ta karkace, duk abin da ta haifa zai karkace. Gyara yana cin kuɗi, yana cin lokaci, sau da yawa sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu, gyaran ranar haihuwa kuwa ya fi gyaran suna wuya nesa ba kusa ba. Wanda ya fara wannan zirga-zirga bayan an buɗe ƙofar nema, mai yiwuwa ne ƙofar ta rufe yana kan layi. Haka kuma wanda makarantarsa ta ɗauke shi ta bayan fage, ba ta hanyar JAMB ba, kamar yadda ya faru ga ɗaliban difloma da yawa, wajibi ne ya je ya daidaita gurbinsa da hukumar tukuna, in ba haka ba a wurin na'ura shi ba ɗalibi ba ne ko da kullum shi ke zama a layin gaba.

Sai mas'alar masu shagunan kwamfuta. Ba na zarginsu jumla, domin mafi yawansu 'ya'yanmu ne masu neman halali, kuma sun taimaki dubban yaran da ba su da babbar waya. Amma na ga abin da gaggawa ke haifarwa: yaro ya miƙa takardunsa da kuɗin aiki ya tafi kallon ƙwallo, mai shago kuma, da yake mutum ashirin ke jiransa, ya sa lambar wayarsa shi kansa, ya buɗe wani adireshin imel da yaron bai san kalmar sirrinsa ba, ya cike sauran yadda ya hango. Bayan wata uku a aiko da saƙo cewa akwai abin da ake so a gyara, saƙon ya faɗa wayar wani, wanda watakila ya ma tashi daga shagon ya koma Bukuru. Ka zauna kusa da shi, ka karanta kowane layi kafin ya danna, lambar waya ta zama taka wadda ba ka shirin yarwa, imel ya zama naka, kalmar sirri ka sa ta da hannunka kana kare ta da ɗaya hannun. Asusun banki ya zama mai ɗauke da sunanka kai kaɗai, a banki tsayayye, kada ka ba da na yayanka don naka yana da matsala. Kada ka faɗa wa kowa lambobin sirrin da banki ke aiko maka ta waya, ko da ya rantse daga Abuja yake kira. Neman rancen nan kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa a hanzarta maka, ko ya ce yana da mutum a ciki, to ɓarawo ne da rigar taimako, kuma ka gaya wa abokanka.

Bayan ka gama naka, akwai rabon makaranta, wanda ɗalibai da yawa ba su san da shi ba. Ita ce za ta fara aika bayanan ɗalibanta, sunaye da lambobin ɗalibta da darasi da aji da adadin kuɗin da ake biya; bayan an nema kuma, a komo mata da jerin waɗanda suka nema ta tabbatar cewa lalle nata ne kuma har yanzu suna karatu, sa'an nan kuɗi ya fito. Saboda haka in na'ura ta ce ba ta san lambarka ba, kafin ka ɗora laifi a kan Abuja ka fara zuwa ofishin da makarantarku ta ware don wannan aiki, ko na harkokin ɗalibai, ka tambaya ko sunanka na cikin abin da aka aika, kuma yaya aka rubuta shi. Ka tafi da ladabi, da kwafin takardunka a jere, da takardar koke gajeriya mai kwanan wata, ka roƙi a buga maka hatimi a kwafinka alamar an karɓa. Ma'aikacin da ke zaune a wannan tebur mutum ɗari sun riga ka yi masa tsawa a ranar. Wanda ya zo da sallama da takardu shiryayyu shi ne hutunsa, kuma ɗan Adam yakan so ya taimaki wanda ya hutar da shi. Ka kuma sani nema na shekarar karatu guda ne, kowace shekara sai an sabunta.

Jira yana da tsawo, ba zan ɓoye muku ba, kuma kalandar makaranta ba ta tafiya da kalandar asusu. Sau da yawa ranar rufe rajista takan zo kuɗi bai iso ba, uba ya ciwo bashi wurin ɗan'uwa ya biya don kada yaro ya rasa jarrabawa, daga baya kuma asusun ya biya makaranta kuɗin nan dai. A nan kuɗi biyu sun shiga saboda mutum ɗaya, kuma guda haƙƙinka ne a mayar maka, tun da kai za ka biya bashin. A 2025 an yi ta ƙorafi a ƙasa cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗi ba su sanar da ɗalibai ba, ko sun yi jinkirin mayarwa, har hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta ce ta shiga bincike. Makaminka a irin wannan hali rasit ne: na Remita, na banki, da hoton shafinka inda aka nuna an biya. Ka adana su a leda, ka sa a cikin akwati, domin damina a Jos tana da tsawo, danshin Agusta kuwa yakan cinye tawadar rasit har ta koma farar takarda. Ka kuma ɗauki hotonsu ka aika wa kanka.

Kada ku haɗa rance da sikolashif, domin hukuncinsu daban. Sikolashif kyauta ce, irin wadda hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya ke bayarwa ga masu maki mai yawa, ko asusun PTDF ga masu karatun da ya shafi man fetur, ko hukumomin jihohi ga 'ya'yansu. Wanda ya cancanta ya nema da himma, gara kyauta da bashi. Sai dai kusan dukkansu suna neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda yara ke kira indijin, kuma duk wanda ya tashi a Jos ya san nauyin wannan kalma. Akwai samari a Gangare da Dilimi da Rikkos waɗanda kakannin kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza, haka ma 'ya'yan Ibo da Yarabawa da Urhobo da kuzar ta jawo, waɗanda samun wannan takarda a nan ya yi musu wuya, in kuma sun tafi garin da aka ce can ne asalinsu a Kano ko Katsina ko Bauci, sai dagaci ya ce bai san gidansu ba. Ba zan shiga shari'ar wannan al'amari a nan ba, an zubar da jini a kansa fiye da sau ɗaya, Allah Ya kiyaye na gaba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne rancen tarayya an gina shi a kan zama ɗan Nijeriya mai karatu a makarantar gwamnati, saboda haka yaron da waccan ƙofa ta rufe masa, wannan a buɗe take. Amma ina gargaɗinku da sayen takardar asali ta jabu don neman kyauta: ƙarya ce, kuma takan zama ƙari a kan tarin takardun da ba su yarda da juna ba.

Yanzu sai babbar magana, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Na ji samari suna cewa wannan kuɗi rabonsu ne na arzikin ƙasa, manya sun ci nasu, su ma bari su ci, wa zai bi su. Na fahimci zafin da ke haifar da wannan magana, kuma ba na wanke waɗanda suka ci amana a sama. Amma cin amanar wani ba ya halatta maka taka. Kai da hannunka ka danna cewa ka yarda rance ne, kuma alkawari ya ƙullu. Malamanmu sun karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sun kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa dakatawa daga sallatar gawar wani mai bashi har sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. 'Yan'uwanmu Kirista da kuke zama aji ɗaya da su, su ma nasu malaman ba su koya musu cin bashi da niyyar ƙin biya ba. Kuma an taɓa gwada wannan abu a ƙasar nan: a 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma ɗan wannan jiha ne, an kafa hukumar ba ɗalibai rance, mutane suka karɓa, da yawa suka ƙi biya, hukumar ta durƙushe, a 1993 aka yi dokar kafa bankin ilmi, shi ma bai je ko'ina ba. Waɗanda suka ƙi biyan nan sun zama manya, sun yi ritaya, ƙannensu da 'ya'yansu kuwa suka yi shekaru masu yawa babu inda za su ranta. Rijiyar da kowa ke ɗiba babu mai yasa, kun san ƙarshenta.

Sharuɗɗan biya, in an yi adalci, masu sauƙi ne. Ba a fara bin ka sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa; in ka sami aiki, a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashinka, in kuwa sana'ar kanka kake yi, ka riƙa ba da kashi goma na ribarka; in ba ka da aiki ba ka da samu, ka yi rantsuwa a rubuce a ƙara maka lokaci, amma wanda ya yi rantsuwar ƙarya doka ta tanadar masa ɗauri; in mutuwa ta zo, an yafe. A Amurka, inda bashin karatu ke ɗauke da ruwa, abin da gwamnati ke bin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.6, akwai masu furfura da har yanzu suke biya. Namu ba ya ƙaruwa, hasali ma da yake darajar naira raguwa take yi, abin da za ka mayar ya fi abin da ka karɓa sauƙi. Wannan shi ne abin da fuƙaha'u ke kira ƙardul hasan, kuma iyayen da ke hana 'ya'yansu saboda tsoron riba, ya kamata a zauna da su a yi musu bayani a tsanake, in sun so a tafi tare wurin malamin da suka amince da shi.

Duk da haka, ka yi lissafi kafin ka miƙa hannu, don cin bashi da daɗi, ranar biya ke da wuya. A ƙaddara, misali kawai, kuɗin makarantarku naira 100,000 ne a shekara, ka karɓa shekara huɗu, 400,000 ke nan. Ka karɓi guzuri wata goma a kowace shekara, 800,000 ke nan. Jimla naira 1,200,000. In Allah Ya ba ka aikin naira 100,000 a wata, ana cire 10,000, sai ka yi shekara goma cur kana biya, a daidai shekarun da kake neman aure da kama haya da sayen gado. Ka lura kashi biyu cikin uku na wannan nauyi daga guzuri ya fito. Wanda ke zuwa daga Mangu ko Shendam, yana haya a kusa da Naraguta, ba shi da mai aiko masa, guzurin nan shi ne tsakaninsa da yunwa, ya karɓa babu kunya. Amma wanda gidansu ke Unguwar Rimi, yana iya takawa da ƙafa zuwa aji, tuwon dare na jiransa, ya tambayi kansa da gaskiya ko 20,000 ɗin nan littafi za ta zama ko kuwa katin waya da cacar ƙwallo, wadda na ga ta cinye yara da yawa a garin nan.

Ku kuma 'yan mata, akwai kalma ta musamman gare ku. Bashin nan a wuyanki yake, aure ba ya sauke shi, ba ya kuma mayar da shi kan miji sai in shi ya ɗauka da bakinsa. In magana ta yi nisa tsakaninki da mai nema, ki sa waliyyinki ya sanar da shi, a san matsayin aiki ko sana'a bayan biki tun kafin a sa rana. Kada kuma ki yi saurin canja sunan mahaifinki zuwa na miji a banki ko a katin ɗan ƙasa alhali kina tsakiyar karatu. Shari'a ba ta ɗora miki wannan ba, na'ura kuwa za ta ɗauka wata ce daban ta zo.

Shi kuwa yaron nan ɗan maƙwabcina, washegari muka fara da kotu, daga nan banki, daga nan ofishin katin ɗan ƙasa, inda ya yi sammako sau huɗu cikin hazo kafin ya shiga. Kafin takardunsa su yarda da juna zangon ya wuce, sai kawunsa mai sayar da dankalin Turawa ya rage jarinsa ya biya masa na wannan shekara, bisa sharaɗin zai riƙa tsare masa rumfa ranar Asabar. Da aka sake buɗewa ya nema, ya zo ya nuna mini a wayarsa cewa an tantance shi. Kuɗin makaranta kaɗai ya nema, bai nemi guzuri ba, ya ce abin da kawu ke ba shi ranar Asabar yana isarsa kuɗin keke. Makon jiya ya kawo mini ƙanwarsa, wadda ke aji biyar a sakandare, da takardunta uku a cikin leda, ya ce in duba masa su tun yanzu. Muka shimfiɗa a tabarma, sai ga Hauwa'u a ɗaya, Hauwa a ɗaya, Kulu a ta ukun.